Kalmar "induce" a bakin tafintan kotu: abin da na fito da shi daga aikin

Yanzu da na ajiye aikin tafinta a kotu, ƙannena da suka rage a bakin aiki sun nemi in bar musu wani abu a rubuce. Ba zan tsaya kan rantsuwa da wurin tsayuwa da yadda ake gaida mai shari'a ba, duk wanda ya yi wata guda a rajista ya san waɗannan. Magana ɗaya nake so in warware da kyau, a kan wata kalmar Turanci da ban ga wadda ta kai ta jefa tafinta da wanda ake tuhuma cikin wahala ba a shari'un kuɗi da dukiya, wato "induce".

Kalmar ba ta yawo a bakin mutane. Ko Turawan da suka gaje ta sun fi ajiye ta a rubutu, a takardar likita da ta lauya. Mu kuwa kullum muna cin karo da ita saboda asalin dokokinmu. Kundin hukunta laifuffuka, wato Penal Code, da Jihar Arewa ta zartar a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, an gina shi ne a kan na Sudan, shi kuma na Sudan a kan na Indiya na 1860. Ke nan Turancin lauyoyin Ingila na wancan zamani muke juya wa manomi da ɗan tireda da dillaliya a yau. Kundin Kudu ma haka yake. Sashe na 419, wanda lambarsa ta zama sunan damfara a bakin kowa, yana ɗauke da kalmar. Haka dokar damfara ta 2006 da hukumar EFCC take gurfanar da mutane a kanta, wadda hukuncinta ya kama daga shekara 7 zuwa 20 babu zaɓin tara.

Ka buɗe kundin Arewa ka dubi wurare uku. Sashe na 320 ya ce mai zamba shi ne wanda ya yaudari mutum, sannan "fraudulently or dishonestly induces" wanda aka yaudara ya miƙa dukiya. Sashe na 291, na ƙwace ta hanyar barazana, ya ce wanda ya jefa wa mutum tsoron za a cutar da shi ko wani nasa, "and thereby dishonestly induces" shi ya miƙa dukiya. Sai sashen da ya fayyace sace mutum, inda aka ce "by force compels or by any deceitful means induces" mutum ya bar inda yake. A na farko ƙarya ce ta yi aiki, a na biyu tsoro ne, kalmar kuwa ba ta canza ba. A na uku doka da kanta ta jera "compel" da "induce" gefe da gefe a matsayin abubuwa biyu daban: wancan an ja shi da ƙarfi, wannan ya taka da ƙafarsa. Lambobin nan na tsohon kundi ne, wanda Abuja take amfani da shi har yanzu. Jihohi irin su Kaduna, da ta sake nata a 2017, sun canza lambobi, don haka kowa ya duba na jiharsa.

Abin da kalmar take faɗa idan mutum ne a gabanta shi ne: wane ya aikata abu da hannunsa, amma wani mutum ko wani dalili ne ya karkato da tunaninsa har ya aikata. Iyakarta ke nan. Ba ta faɗa maka da me aka karkato da shi ba. Yana iya zama ƙarya, ko tsoro, ko kuɗi, ko alkawari, ko ma hujja mai kyau wadda babu laifi a cikinta. Kamar buhu ne da ba a yi rubutu a jikinsa ba, sai ka kwance bakinsa za ka san abin da aka zuba. Abin da aka zuba ɗin yana cikin kalmomin da suke kewaye da ita: "by deceiving", "in fear", "dishonestly". A can laifin yake zaune.

Hausa kuwa ba haka ta tsara nata ba. Kusan kowane fi'ili da muke da shi a wannan fage yana tafe da hanyarsa a cikinsa. Ka ce tilasta, an ji ƙarfi. Ka ce yaudara ko ruɗi, an ji ƙarya. Kwaɗaitarwa tana da abin duniya a ciki, lallashi yana da tattausar murya, zuga da ingizawa suna da fitina, hure kunne yana da munafunci, shawo kai yana da haƙuri da hujja. Guda ɗaya ne kawai fanko, shi ne "sa", shi kuma ya cika tsabta. Uba yana sa ɗansa aike, zazzaɓi yana sa mutum kwanciya, ruwan sama yana sa a fasa tafiya. Babu Bahaushen da zai ji an ce "ka sa wane ya ba ka kaya" ya ji an jingina masa laifi. To ka ga tsaka mai wuya: in ka ɗauki fi'ili mai nauyi, ka ƙara wa tuhuma abin da ba ta ce ba, in ka ɗauki "sa" shi kaɗai, ka zare mata laifin gaba ɗaya. Shi ya sa kalmar ba ta fassaruwa da kalma, sai da jumla.

Wannan ne abin da wani shugaba da muka yi a sashenmu ya ƙi yarda da shi har ya bar kujerar. Ya buga wata takarda ya manna a bangon ofis, Turanci a hagu, Hausa a dama, kowace kalma da fassara guda. A gaban "induce" an rubuta "tilasta". Karatunsa kullum shi ne kalma ɗaya fassara ɗaya, wai don a samu daidaito tsakanin kotuna. Duk wanda ya ji yana tsawaita jumla a zaure sai ya kira shi ofis: "Kai ba lauya ba ne, ba a ɗauke ka don ka yi wa kotu tafsiri ba." Abin kuma ba ya tsayawa a faɗa, yana bin mutum har cikin fom ɗin ƙarin girma na ƙarshen shekara. Tsofaffin hannu suna jin sa su yi abin da suka sani. Sababbin ɗauka kuwa, waɗanda ba a ko tabbatar musu da aiki ba, dole suka haddace takardar.

Ɗaya daga cikinsu, yaro mai natsuwa da Turanci mai kyau, shi ne ya tsaya ranar da aka kawo wani ɗan kasuwar hatsi gaban majistare a kan buhu 40 na masara. Ya karɓa a hannun wani dillali da alkawarin biya bayan kasuwa biyu, farashi ya faɗi, kuɗi ba su fito ba, dillali ya kai shi wurin 'yan sanda. Ba shi da lauya. Aka karanta rahoton farko na 'yan sanda, mai cewa ya "dishonestly induced" mai ƙara ya miƙa masa masara. Yaron ya bi takardar bango ya ce: "Ana tuhumarka da tilasta wa mai ƙara ya ba ka buhu arba'in na masara."

Mutumin ya ɗaga hannu biyu ya ce: "Ranka ya daɗe, wallahi ban tilasta masa ba. Da hannunsa ya buɗe sito, yaransa ne ma suka loda mini."

Majistare yana da shari'u jibge a gabansa. Ya ce ba a tambaye shi labarin ƙarfi ba, a tambaye shi kai tsaye, "did you induce him or not?" Yaron ya ga "tilasta" ta ƙi shiga, sai ya koma ga abin da ya rage masa: "Kai ne ka sa ya ba ka masarar, ko ba kai ba ne?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ni na je na same shi na sa ya ba ni, kuma ban biya ba tukuna."

Da yaron zai mayar da amsar Turanci sai ya ɗauki kalmar da ke cikin tambayar ya saka a bakin mutumin. Abin da ya shiga kundi shi ne wanda ake tuhuma ya amsa cewa ya "induced" mai ƙara kuma bai biya ba. Aka ɗauke shi a matsayin amsa laifi, aka yanke hukunci nan take. Mutumin da ya zo da tunanin za a tsara masa yadda zai biya bashi, sai ga shi a motar gidan yari, yana tambayar ɗan sandan da ke riƙe da shi me ya faru.

Danginsa sun sami lauya daga baya, babbar kotu ta rushe hukuncin, domin abin da ya amsa bai ƙunshi yaudara ko mugun nufi ba. Amma kafin nan ya kwashe watanni a tsare, rumfarsa ta mutu. Da takardar neman bahasi ta sauko daga sama, kan yaron ta faɗa shi kaɗai. Takardar bango ta ɓace a daren, sai tabon gam a fenti. Shugaban ya rubuta cewa bai taɓa umartar kowa da wata fassara ba, kuma ya sha gargaɗin yaron kan gaggawa. Aka mayar da yaron wata kotu mai nisa, aka jinkirta tabbatar masa da aiki. Har yau in na tuna yadda ya tsaya a baranda da takardar a hannu, ba wanda ya buɗe baki a cikin manyan da suka san gaskiya, raina yana ɓaci.

A wuri uku abin ya lalace, kuma kowanne yana da magani.

Na farko, an jefar da "dishonestly". Kunne yana kama fi'ili ya saki abin da ke gabansa, alhali a wannan sashe fi'ilin ba shi da laifi sai da ita. Kundin ya fassara ta da kansa: yin abu da nufin samun riba ta haram ga kai ko ga wani, ko jawo wa wani asara ba bisa haƙƙi ba. Kuma nufin dole ya kasance tun lokacin da ake karɓar kayan. Wanda ya karɓa da niyyar biya sannan kasuwa ta juya masa baya, mai bashi ne, maganarsa ta ƙarar neman haƙƙi ce. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, sashe na 8, da dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, duk sun hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Da mutumin ya ji an ce "tun farko ba ka da niyyar biya", da ya musa da dukan ƙarfinsa, shari'a ta tafi ga shaidu.

Na biyu, an sauya fassara a tsakiyar tambaya ba a sanar da kotu ba. Majistare bai san cewa tambayar farko da ta biyu sun sha bamban a Hausa ba. A kunnensa abu ɗaya aka tambaya sau biyu, mutum ya musa sannan ya amsa.

Na uku shi ne mafi muni, kuma shi aka fi yawan yi: hanyar komawa. Mutum ya ce "na sa", ka mayar da "I induced". Ka ara masa kalmar lauya wadda bai sani ba, kalmar da ke cikin sashen da ake tuhumarsa da shi. Tsohuwar dokar shari'ar laifuffuka ta Arewa, sashe na 157, ta ce a rubuta amsa laifi da kalmomin da mutumin ya yi amfani da su gwargwadon iko. "Na je na same shi na sa ya ba ni" Turancinsa na yau da kullum ne: "I went to him and got him to give me", ko "I asked him and he gave me". Alƙali ne zai yanke ko wannan ya kai "induce". In kai ka furta ta a madadin mai magana, ka riga alƙali yanke hukunci.

Ga yadda nake ba da shawara a juya tuhumar zamba. Kafin a kira shari'a ka karɓi fayil a wurin magatakarda ka karanta, ka ja layi a ƙarƙashin gaɓoɓi huɗu: yaudarar da aka ce an yi, nufin da aka ce yana da shi, abin da yaudarar ta sa mai ƙara ya yi, da dukiyar da adadinta. Sannan ka faɗe su ɗaya bayan ɗaya, kana ɗan tsayawa tsakani: "Ana tuhumarka da cewa ka yaudari wane. Ka yi haka da nufin cin dukiyarsa ba bisa haƙƙi ba. Wannan yaudarar ce ta sa ya miƙa maka buhu arba'in na masara." Ka lura "sa" ta dawo, amma yanzu yaudara ce mai sawa, ba mutumin kawai ba. In sashe na 291 ne, sai ka ce: "Ka tsorata shi da cewa za a cutar da shi, tsoron nan ne ya sa ya ba ka." In na sace mutum ne: "Ka yi masa dabara da ƙarya har ya biyo ka." Jumla uku ba ta kai minti ɗaya ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a sanar da shi laifinsa dalla-dalla cikin harshen da yake ji, da haƙƙin tafinta kyauta. Duk wanda ya ce kana ɓata wa kotu lokaci, wannan sashe ne amsarsa, ko da kuwa shi ke cika maka fom.

Akwai wani abu a cikin kalmar da Hausa take saurin ɓoyewa. In an ce "he induced her to sign", to ta sa hannu, an gama. Kalmar tana ɗauke da cin nasara. A Hausa kana iya cewa "na lallashe ta amma ta ƙi", magana ta zauna daidai. A Turanci ba a cewa an "induced" mutum amma ya ƙi, sai dai a ce "tried to induce" ko "attempted to induce". Saboda haka lallashi da zuga da kwaɗaitarwa duk suna iya barin ƙofa a buɗe inda Turanci ya rufe. In abin ya auku, ƙara "har": ya lallashe ta har ta sa hannu. In yunƙuri ne, ka ce ya yi ƙoƙari, ko ya nemi ya sa ta. Tsakanin aikata laifi da yunƙurin aikata shi akwai bambancin sashe da na hukunci, kuma wannan 'yar "har" ita ke riƙe da shi.

Haka kuma mai sawa ba lallai ya zama mutum ba. Lauyan wanda ake ƙara yakan tambayi mai ƙara: "What induced you to part with your money?" Ba yana tambayar wa ya matsa masa ba ne. Tambayar ita ce: "Me ya sa ka ba shi kuɗinka?" A nan "sa" ita kaɗai ta wadatar, kuma kada ka ƙara mata komai, domin lauyan tarko ya ɗana. In mai ƙara ya ce "ai tun muna yara na san shi, ko bai ce komai ba zan ba shi", to ya nuna ba ƙaryar ce ta fitar da kuɗin ba, igiyar da ta haɗa yaudara da miƙa dukiya ta tsinke. In ka ce "wa ya yaudare ka", ka ba shaida amsa a baki, ka lalata wa lauya tambayarsa.

Wuri na biyu da kalmar take cin mutane shi ne bayanin da aka ɗauka a ofishin 'yan sanda. Tsohuwar dokar shaida ta ce ba a karɓar iƙirarin da "inducement, threat or promise" ya haifar. Dokar shaida ta 2011 ta sake lafazi a sashe na 29, ta koma maganar gallazawa da kuma duk wani abu da aka faɗa ko aka yi wanda zai sa a kasa amincewa da iƙirarin. Amma lauyoyi ba su saki tsohon lafazin ba, za ka ji ana tambaya: "Were you induced to make this statement?" In ka ce "an tilasta maka?", mutum zai duba jikinsa ya ce a'a, ba wanda ya dake shi. Alhali an ce masa: "Sa hannu a nan ka tafi gida wurin iyalinka." Wannan shi ne ainihin abin da ake tambaya, kuma ka rufe masa hanyar faɗa. Tunda tsohon lafazin ya ware barazana da kalmarta, abin da ya rage wa "inducement" shi ne jan ra'ayi da wata fa'ida. Sai ka ce: "An kwaɗaita maka wani abu, ko an nuna maka za ka sami wani sauƙi, don ka yi wannan bayani?"

In ba ka tabbatar da wace fuska lauya yake nufi ba, kada ka zaɓa masa. Ka juya ga alƙali: "Ya mai shari'a, wannan kalma tana ɗaukar matsi, tana ɗaukar kwaɗaitarwa, a Hausa kuwa kowanne da kalmarsa. Ina roƙon lauya ya fayyace wanda yake nufi." Alƙalan kirki suna jin daɗin wannan, kuma yana shiga kundi ya zama kariya gare ka. Wanda ya haɗe rai ma, haɗe ransa na minti biyu ne.

Da likita ya shiga akwatin shaida kuwa, ka ajiye duk abin da na faɗa a sama, domin kalmar ta koma ɗaya ma'anarta. A nan babu mutumin da ake jan ra'ayinsa, babu "to" da wani fi'ili a bayanta, suna ne kawai yake biye da ita: barci, amai, naƙuda, suma. Ma'anarta haddasawa ko tayar da abu a jiki. Wannan ita ce alamar da za ka riƙe: in mutum ne ya biyo ta sannan "to", jan ra'ayi ne, in wani hali na jiki ne ya biyo ta, haddasawa ce. "Labour was induced" shi ne abin da mata suke cewa an sa mata ruwan naƙuda, ko an tayar mata da naƙuda da magani. "Drug-induced" shi ne abin da ƙwaya ko magani ya haddasa. Gargaɗin da ke jikin wasu kwalaben maganin ƙwari, "do not induce vomiting", shi ne kada a sa shi amai. Wanda ya fi haɗari shi ne maganar ciki. A bakin likita "abortion" tana ɗaukar ɓari tana ɗaukar zubarwa, abin da ke rabewa shi ne "spontaneous" ko "induced". Na farko ɓari ne, ƙaddara. Na biyu an zubar ne da gangan, kuma sashe na 232 na kundin Arewa ya tanadi ɗauri har shekara 14 in ba don ceton ran uwa aka yi ba. In ka ji likita ya faɗi kalmar ita kaɗai, kada ka ce zubar da ciki, ka nemi ya bayyana wanne. Mace da mijinta da danginsu suna zaune a zauren suna sauraron Hausarka, ba Turancinsa ba.

Sunayen da suka fito daga kalmar ma biyu ne, kada a gauraya. "Inducement" na jan ra'ayi ne, abin da aka miƙa ko aka yi alkawari. Yana iya zama toshiyar baki, kamar a shari'un zaɓe, yana iya zama ragin farashi na halal, don haka kada ka yi saurin cewa cin hanci. "Induction" na likita ne da masu lantarki. Bikin rantsar da sababbin likitoci da ake kira da wannan suna daga wani fi'ili daban ya fito, "induct".

'Yan uwanta kuma kowanne da nauyinsa. "Compel", "force" da "coerce" su ne tilastawa ta gaskiya. "Persuade" shawo kai ne da magana, ita ma tana nufin an yi nasara. "Convince" gamsarwa ce, tana tsayawa a zuciya ko da ba a aikata komai ba. "Entice" da "lure" jan mutum ne da abin sha'awa. "Instigate", wadda ke sashe na 83 na kundin Arewa, na taimaka wa laifi, da "incite", su ne zuga da tunzurawa. "Cause" ba ruwanta da tunanin kowa, sanadi ne zalla. "Make" ta fi karkata ga matsi, kuma ba ta ɗaukar "to" sai an juya jumla an ce "was made to". Shaidu masu Turancin makaranta sukan ce "he made me to sign" suna nufin "ya sa ni" kawai, to a nan ma a nemi su fayyace kafin a rubuta musu tilas.

Sauran darussan gajeru ne. Yi magana da bakin mai magana, in ya ce "na", ka ce "I". Kada ka yi hira da wanda ake tuhuma a baranda, ko ɗan garinku ne. In Hausar shaida ta Gobir ce ko ta Damagaram kuma wata kalma ta kuɓuce maka, faɗa wa kotu a take. Lambobi da ranaku, rubuta su kafin ka furta. In ka gaji ka ce ka gaji, kuskuren bayan azahar ya fi na safe yawa. In ka yi tafinta a ofishin 'yan sanda, sashe na 17 na dokar 2015 ya ce ka karanta wa mutum bayaninsa har ya fahimta, ka sa sunanka da adireshinka da sa hannunka, kuma ka sani za a iya kiran ka shaida a kai.

Duk umarnin da wani babba ya ba ka kan yadda za ka fassara wata kalma, nemi ya ba ka a rubuce da sa hannunsa. In ya manna a bango, ɗauki hotonsa da wayarka ranar da aka manna. Kuma ka sayi littafi naka na kanka. Kundin majistare da Turanci ake rubuta shi, Hausar da ka furta ba ta shiga ko'ina. Kowace tuhuma ka juya, rubuta lambar shari'a da kwanan wata da ainihin jumlar Hausar da ka faɗa, da amsar mutumin kamar yadda ta fito daga bakinsa. Ka ajiye littafin a gida, kada ka bar shi a durowar ofis.